Titin Layinmu da Gangar Maharazu

Jama'a, yau da hantsi na faɗi. Kada wani ya ce gudu nake yi da babur, turo shi nake. Tun bayan asuba nake tsaye a layin mai a bakin tashar Ƙanƙara, har rana ta fara cizo, sannan mai zuba man ya leƙo ya ce mana ya ƙare, amma mu yi haƙuri, tanka tana hanya. Tankar nan tun watan jiya take hanya, Allah ya kawo ta lafiya. Ƙasar da rediyo ke cewa mai ya yi mata yawa har tana sayar wa Turawa, ga ni nan, Tanimu ɗan ƙasa, ina tura babur da ƙarfin tuwon jiya.

Na turo shi na shigo layinmu, Layin 'Yan Dawa, na hau sabon titin da aka yi mana, ja wur, sumul, har na fara jin kamar in gode wa wani. Ina isowa ƙofar gidana titin ya ƙare. Kullum a nan yake ƙarewa, ba sallama, amma yunwa ta sa na manta. Ƙafar gaba ta zurma, babur ya fizge ni, na tafi da baki cikin taɓo, hulata ta kama nata wuri.

Maƙwabcina Malam Gide tela yana zaune a zaurensa yana taka keke. Ko tashi bai yi ba.

"Sannu, Malam Tanimu," in ji shi. "Ka sauko daga gwamnati ke nan, ka shigo cikin talakawa. Haka saukar take, mu duk mun sha ta."

Wanda bai san layin nan ba, bari in kwatanta masa. Daga kasuwa ya taso, ya gangara har bakin fadama. A can sama gidan Alhaji Mamuda yake, dillalin hatsi mai babbar mota. A tsakiya ni da Malam Gide muke. A can ƙasa, gida na ƙarshe, Baba Ɗanasabe ne, tsohon manomi da ya taso daga wajen 'Yargoje shekarun baya, yana zaune da 'yarsa Lidiya da 'ya'yanta tun da mijinta ya rasu. Gidan ba mai albashi, ba mai shago. Abin da suke da shi rumbu ne guda ɗaya a tsakar gida, cike da dammunan dawar bara, ita za ta kai su kaka. Duk wanda ya taɓa noma ya san cewa a tsakiyar damina, lokacin da sabon hatsi bai nuna ba kuma na kasuwa ya yi tsada, rumbun nan shi ne ran gidan.

To, kafin ruwa ya sauka bana, sai ga Mai Girma Uban Alkawari ya kawo mana ziyara. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da iyali. Ya zo a wata mota mai tsawon da sai ka yi sallama da gabanta ka huta kafin bayanta ya iso. Ta kasa shiga layinmu saboda ramuka, ta tsaya a bakin kasuwa, aka tara mu a rana, shi yana ƙarƙashin laima. Ya ce ƙasa ta yi arziki, muka yi tafi. Ya ce zamanin duhu ya wuce, muka yi tafi. Sannan ya ce saboda haka kowane gida zai kawo kuɗi a gyara titi. Nan hannuwa suka tsaya a sama, aka rasa wanda zai fara haɗa su.

Sunan abin, in ji shi, taimakon kai da kai. Mu za mu ba da kuɗi, hukuma ta sayo marmara, wato jar tsakuwar nan ta titi, da kwalbati, ta turo injiniya. Aikin kuwa mu yi shi da gayya, kamar yadda iyayenmu suka saba. Ni dai a ɗan karatuna na lissafa, kuɗi namu, ƙarfi namu, zufa tamu. Na duba in ga abin da ya rage wa hukuma, sai na ga ashe alkawari ne, kuma wannan kam ba a taɓa ƙarancinsa ba.

Ya ce a faɗi ra'ayi. Alhaji Mamuda ya riga kowa.

"Ranka ya daɗe, ni dai a yi. Ramun nan sun kashe mani mota. Ko nawa anka ce, zan bada."

Ai dole. Mai mota ya so titi, ba abin mamaki ba ne. Malam Gide kuwa ya miƙe, jijiyar wuya a tsaye.

"Harajin da munka biya hwa, na mine ne? Na shan iska? In mun biya kuɗɗin titi yau, gobe kuma sai a ce mu kawo na hasken rana."

Aka yi dariya, Mai Girma ma ya yi, irin dariyar da ake yi ana duban fuskar mutum don a gane shi wata rana. Wani direba da ke jigilar Faskari ya ce a wata unguwa can an karɓi irin wannan kuɗi, an kawo allo babba mai fenti an kafa, yanzu mata na shanya a jikinsa. Wani ya ce shi a wajen Sabuwa ya ga gireda, motar gyaran titi, da aka kawo da kiɗa, ta yi kwana ɗaya mai ya ƙare, har yanzu tana nan, awaki na fakewa a ƙarƙashinta in ana ruwa. Ban je na gani ba, amma ban ji wanda ya ƙaryata su ba.

Lidiya ta yi magana daga bayan mata. Ta ce su a ƙasa ba mota ke damunsu ba, ruwa ne, in za a sa kwalbatin a wajensu, to su sun yarda. Mai Girma ya ɗaga hannu ya ce kwalbati kamar an sa an gama. Sai Baba Ɗanasabe ya cire hula, ya durƙusa, ya yi tambayar da ni ban yi tunaninta ba.

"Ranka ya daɗe, gayyar ga ta wa ce? Mu dai a wurinmu, wanda ya kira gayya shi ke dahwa tuwo."

Mai Girma ya ce Baba akwai barkwanci, ya shiga mota. Tambayar ta zauna a ƙasa ba mai ɗauka, sai Alhaji Mamuda ya ce ba komai, shi zai ciyar da 'yan gayya. Muka sa masa albarka, kuma har ga Allah ya cancanta. Ba wanda ya hango abin da furar Alhaji za ta jawo.

Wajen biya, Baba ne na farko. Mutanen zamaninsu ba sa jayayya da hukuma, in ta ce a kawo, kawowa ake yi, a yi gunaguni a gida. Ya ja akuyarsa guda ɗaya tilo zuwa kasuwa, ya sayar, ya kai kuɗin da hannu biyu. Ni na biya ina ƙunƙuni. Malam Gide sai da ɗan aike ya yi ta sintiri a ƙofarsa har ya fara koyon ɗinki, sannan ya biya, yana cewa bai yafe ba.

Gaskiya dai marmara ta zo. Tifa ta kawo ta, ta kasa shiga layin ita ma, ta juye a bakin kasuwa, tsibi guda kusa da gidan Alhaji. Kwalbati kuwa aka ce tana hanya. Injiniya ma ya zo, kada in ci haƙƙinsa. Babban Injiniyan Leƙe-ta-Taga, mutum mai ilimi ƙwarai, wanda ilimin nasa ya kai ba ya buƙatar taka ƙasa kafin ya san halinta. Ya sauke gilashin mota, ya nuna sama da yatsa, ya nuna ƙasa, ya ce a baje marmarar daidai, ya ɗaga gilashi. Aikin injiniya ya kammala.

Ranar gayya ta zo. Ku mutanen birni da ke karanta wannan, ku san cewa gayya a wajenmu ba a yin ta a bushe. Sai da ganga. Samari ba umarni suke bi ba, kiɗa suke bi. Inda makaɗi ya tsaya, nan ƙarfi yake taruwa, domin kowane saurayi yana son a kira sunansa da na ubansa a gaban 'yan mata. A gona wannan ba matsala ba ce, makaɗi yana bin bayan masu noma har ƙarshen kunya, tunda mai gona ɗaya ne. A titi kuwa kowane gida da mai shi.

Makaɗinmu Maharazu ne, kuma ba na jin akwai wanda ya fi shi hannu a gangar noma daga nan har Faskari. Amma shi ma mutum ne, yana da ciki. Ya duba ya ga inda aka jera ƙoren fura da tukwanen tuwo, ya je ya tsaya. Alhaji ya fito cikin babbar riga ya manna masa sabuwar takarda a goshi. Shi ke nan, ganga ta samu gida. Maharazu ya shiga wasa Alhaji, ya wasa mahaifinsa, ya wasa motarsa har da tayoyinta. Samari suka yi ta ɗibar marmara da kwanduna a guje, kowa na zuwa ya juye a gaban ganga don a ambace shi. Aka juye, aka daddaɓe, aka sake juyewa. Kafin azahar ƙofar Alhaji ta yi tudu har ta kusa haɗiye dakalinsa, shi da kansa ya fara cewa ya isa haka, amma wa ke jin Alhaji ana kiɗa.

Baba Ɗanasabe yana cikinsu. Da tsufansa, da bayansa da ya ranƙwafa, ya ɗauki kwando yana zubawa a ƙofar wani. Na ce masa ya huta. Ya ce a'a, haka gayya take, ka je ta wani don a zo taka, in an gama da sama za a sauko.

Lidiya kuwa tun safe ta ɗebo dawa daga rumbun nan ta dama kunu babbar tukunya, ta share ƙofar gida, tana jiran 'yan gayya. Da ta ga rana ta karkata, ta hauro da kanta ta sami makaɗi.

"Maharazu, don Allah ka sauko da gangar ga. Kunu na can ya huce. Marmarar hwa ƙarewa take."

"Ina tahe, Lidiya, ina tahe. Bari in sallami Alhaji."

Ya taho ɗin kuwa, amma irin tahowar mai ganga. Kowane gida sai ya tsaya, mai gida ya fito da ɗan abin da ya samu, a wasa shi, samari su zuba masa rabonsa gwargwadon daɗin kiɗan. Wanda ya ba da goro ya sami kwando kaɗan, wanda ya ba da kuɗi ya sami tudu. Da ganga ta iso ƙofata, tsibin marmara ya ƙare ƙaf, rana ta faɗi, samari suka watse suna ɗingishi. Kunun Lidiya yaran unguwa suka shanye washegari. Aka ce kada a damu, wata tifa tana hanya.

Yanzu ku ji ci gaban da muka samu. Da can, in an yi ruwa, kowane gida yana da raminsa. Ruwa ya sauko ya cika na Alhaji, ya huta, ya cika na gaba, ya huta, kowa ya sami rabonsa na kududdufi da sauro, abin da zai isa ƙasa ɗan kaɗan ne. Adalci ke nan irin na zamanin duhu. Yanzu kuwa da aka waye, an toshe ramukan sama, an yi wa ruwa shimfiɗa, ba ya ɓata lokaci a ƙofar kowa. Daga kasuwa yake tasowa a guje, ya diro daga tudun da ke ƙofata, ya miƙe sai gida na ƙarshe, inda kwalbatin nan da kamar an sa an gama take jiransa a bakin Mai Girma.

Ruwan farko-farko Baba ya yi ta tarewa da buhunan ƙasa da ƙirare. Ya je ofis ya yi magana, aka ce ya dawo. Ya koma, aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar aka yi ruwan da ya fi ƙarfin buhu. Muna cikin zaure muka ji ihun Lidiya. Kafin mu isa, ruwa ya kwashi marmara tun daga ƙofata, ya kayar da danga, ya cika tsakar gida, ya zaizaye duwatsun da rumbu ke zaune a kai. A gabanmu rumbun ya karkata, ya tsage, ya kwanta. Muka shiga ruwa har gwiwa muna jawo dammuna, ni da Malam Gide da duk wanda ya ji, har Maharazu, yana jawowa yana salati. Abin da muka fitar ya jiƙe sharkaf da jan taɓo. Ga marka, rana ba ta fitowa balle a shanya. Yau in ka shiga gidan tsami za ka fara ji, dawar ta soma tsiro a jikin zangarniya.

Ina yi muku wasa tun ɗazu, amma wannan bai ba ni dariya ba. Raina ya ɓaci ranar, kuma har yanzu bai gyaru ba. Na ga tsoho tsaye cikin ruwa yana riƙe da dami ɗaya a ƙirji, jikokinsa na bayansa suna kallonsa.

Kada ku ce hukuma ba ta zo ba. Ta zo shekaranjiya, buɗe titi. Wannan karon doguwar motar ta shigo har ƙofar Alhaji, abin tarihi. Aka zo da mai hoto, aka yanka raguna, aka sauke akwatunan lemo da in an sayar da kwalabensu kawai za a sami kwalbati. Aka ɗaura jan ƙyalle daga wannan bango zuwa wancan. Da aka zo yankawa sai aka tarar ba a zo da almakashi ba, aka aika wurin Malam Gide aro. Ya bayar, amma ya bi shi a baya, ya tsaya kusa da Mai Girma har aka gama, ya karɓi abinsa. Ya ce mini ya ga yadda harajinsa ya tafi, ba zai bari almakashi ya bi shi ba.

Mai Girma ya yi jawabi. Ya ce mun zama abin koyi, za a kai labarinmu Faskari da Sabuwa don su ma su ji kunya su biya. Ya ce nan gaba kaɗan za a fara karɓar kuɗin kashi na biyu. Mai hoto ya tsaya ta inda tudun ƙofata ba zai fito ba, ya iya aikinsa.

Ana cikin tafi Lidiya ta ratsa mutane ta durƙusa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a zo a ga gidanmu." Mai Girma ya duba agogo, ya tura Injiniya. Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba, Injiniya a ƙasa, da ƙafafunsa biyu. Ya tattare wando, yana taka ƙasa kamar mai tsallake ƙaya, muka bi shi har gidan Baba. Ya tsaya a inda danga take a da. Ga rumbu a kwance, ga dammuna a baje, ga tsami. Shi kuwa idonsa bai sauka a kan ko ɗaya ba. Jar marmarar da ta cika tsakar gida ya gani.

"Baba, wa ya ba ka izinin kwashe marmarar hukuma ka kawo gidanka?"

Na ɗauka wasa yake. Baba ya cire hula ya ce ruwa ne ya kawo ta. Injiniya ya ce shi bai san ruwa ba, kayan hukuma ya gani a gidan mutum, kuma gidan ma a kan hanyar ruwa aka gina shi. Ya ce a mayar da ita inda aka ɗebo kafin su dawo, in ba haka ba akwai tara. Malam Gide ya buɗe baki, na taka masa ƙafa, don na san abin da zai fito ba zai tsaya a tara ba.

To ga shi nan. A duk talakawan layin nan mutum ɗaya ne ya biya kuɗin titi ba gardama, kuma shi kaɗai aka kai wa titin har tsakar gida. Wa ya ce ba a cika alkawari?

Masu girma suna yawan cewa talaka ba ya son biya, ya fi son a yi masa komai kyauta. Su zo su gani. Tun daren Juma'a mata ke zagawa da ƙwarya gida-gida, wannan ta zuba tiya, wannan rabin tiya. Alhaji Mamuda ya aika da masara, kuma ya kasa haɗa ido da Baba. Malam Gide, wanda sai da aka yi masa sintiri kafin ya biya na titi, shi ya fara zubawa ba a tambaye shi ba. Wannan karo-karon ba wanda ya yi gardama, domin kowa yana ganin inda abinsa ke zuwa. Sai dai mu ma damina ce a gidajenmu, abin da aka tara ba zai kai su ko rabin hanya ba. Maganar kashi na biyu kuwa, na zaga na ji bakin mutane. Abin da suka ce ba zai bugu a jarida ba.

Ɗazu da yamma, bayan na wanke taɓon faɗuwata, ina zaune a ƙofar gida sai na hango Baba yana haurowa. Kwando ne a kansa, cike da jar ƙasa, jan ruwa na ɗiga a wuyansa. Ya iso tudun ƙofata, ya dafa, ya hau da ƙyar, ya juye, ya baje da ƙafa. Na tashi na riƙe kwandon.

"Baba, aje wannan. Ba wanda zai kama ka. In ma dole ne, mu za mu kwashe."

"A'a, Malam, bar ni. Kayan hukuma ne, ba ni son rigima." Ya tsaya yana mayar da numfashi. "Tasu ƙasar ga ta nan ina maida masu, ko tsakuwa ɗaya ba ni riƙewa. Kai da ke rubutu a jarida, tambayar mani su, dawata hwa, wa zai maido mani?"

Ya karɓi kwandonsa ya gangara ɗebo wani.

Ranku ya daɗe, na isar da saƙo. Ba gaggawa, ku gama hutawa tukuna. Tafasa ta yi kyau bana a bayan gari, jikokin Baba sun fara sabawa da ita.